Muna ɗinka 'yan tsana amma asusu ba ya gaba: mu karɓi bashin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina sayar da atamfa da kayan ɗinki a gida. Shekara 2 ke nan mu mata 14 muke haɗuwa duk Asabar a tsakar gidana, muna ɗinka 'yan tsana na ƙyalle, muna kuma saƙa faifai da mafici. 'Yar tsanar ce ta fi fita, muna yin kamar 40 a wata, kowacce naira 2,500. Kayan haɗin guda ɗaya ba su wuce naira 900 ba, tunda ƙyallen wajen teloli muke samowa kyauta, amma ɗinkin yana cin kamar awa 3. Duk da haka asusu ba ya gaba, kuma an fara gunaguni. Mata 5 ne suke yawancin aikin, suna tafiya da shi gida, amma idan salla ta zo daidai muke raba abin da ya taru. Yanzu an yi mana tayin bashin naira 400,000 mu sayi keken ɗinki na wuta mu kama shago, mu biya cikin shekara. Mu karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ƙara albarka a wannan haɗuwa taku. Kada ku karɓi bashin nan yanzu. Ba don sana'ar ba ta da gaba ba, tana da ita. Sai don har yau ba ku san ribarku ta gaskiya ba, kuma gunagunin da kike ji ya fi ni gaya miki inda ciwon yake.

Ki ɗauko biro mu yi lissafin tare. Kuna sayarwa 2,500, kuna cire 900, kuna kiran 1,600 riba. A wata ya kama 64,000. Amma a cikin 1,600 ɗin nan akwai awa 3 na matar da ta zauna ta yanka, ta ɗinka, ta cusa auduga, ta kitsa gashin ulu, ta ɗaura ɗankwali. Wannan ba riba ba ce, ladan aikinta ne da ba a ba ta ba. Mu auna shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. In aka raba shi a kan kwana 22 na aiki, awa 8 kullum, awa ɗaya tana kamawa kusan naira 400. To awa 3 sun zama 1,200. Ki ƙara kuɗin adaidaita zuwa Ƙofar Wambai sayen zare da ulu, da katin waya, da leda, da wadda ta lalace a hannu aka kwance, mu ce 200 a kan kowacce. An kai 2,300. Abin da ya rage wa ƙungiya naira 200 ne a kan 'yar tsana guda, wato 8,000 a wata. Sauran kuwa, 48,000 gumin masu ɗinki ne, 8,000 hidima ce da take fita ba a rubuta ba.

Yanzu ki dubi bashin. Naira 400,000 a wata 12, ko ba a ɗora sisi a kai ba, ya haura 33,000 duk wata. Daga ina zai fito? Daga 8,000 ba zai fito ba. Daga gumin matan nan biyar zai fito, su da tun yanzu suke ganin an kware su. Ranar da biyu daga cikinsu suka ce yara ba su da lafiya, ko maigida ya hana, aiki ya tsaya, mai bashi kuwa ba ruwansa da wannan. Kuma da yake a gidanki ake taruwa, ƙofarki za a fara ƙwanƙwasawa. Ban ma taɓo kuɗin haya da na wuta da man janareta ba, ban taɓo maganar ruwa ba, in bashin mai ruwa ne.

Keken wutan ma ina shakkar shi ne maganinku. Ki lura da kyau ranar Asabar mai zuwa: a cikin awa 3 ɗin nan, minti nawa ake yi a kan keke? Ɗinkin gangar jiki da 'yar riga ba ya ɗaukar lokaci. Abin da yake cinye yini shi ne juya ƙananan hannuwa, da cusawa, da gashi, da ado, duk kuwa aikin yatsa ne da allura. In kuna da keken ƙafa ko biyu ne a gidajenku, sun ishe ku har ku ninka abin da kuke yi.

Abin da zan so ku fara yi shi ne ku raba kuɗinku gida uku, kada ku ƙara haɗa su a gwangwani ɗaya. Akwai jari, wanda ake sayen kaya da shi, ba a taɓa shi ko da salla ce gobe. Akwai ladan aiki, ana biyan kowacce gwargwadon abin da hannunta ya yi, a ƙarshen wata, ba a jira salla ba. Sai riba, ita ce ta kowa da kowa, ita ma a bar rabi a asusu, a raba rabi. Na san za ki ji nauyin faɗar wannan a gaban mata 14 da kuka saba, wasu ƙila yayyenki ne, wasu kishiyoyin ƙawaye. Amma raba daidai alhali aiki bai zo daidai ba, shi ne yake kashe ƙungiyoyin mata irin taku, ba talauci ba. Na ga wadda ta watse a kan abin da bai kai kuɗin turmin atamfa ba, kuma matan sun yi shekara ba sa ga-maciji.

Ki kuma yarda da wata gaskiya: ba duk matan nan 14 ne suka zo neman kuɗi ba. Wata zumunci ya kawo ta, wata ta zo ta koyi riƙe allura, wata kuwa Asabar ɗin nan ce kaɗai ranar da take fita ta sha iska ta yi hira. Wannan abu ne mai daraja, kada a ɓata shi da sunan kasuwanci. Mai zuwa don zumunci ta ci gaba da zuwa, ta zuba kuɗin mako, ta samu rabonta a riba. Mai ɗaukar aiki gida ta samu ladanta daban. In aka fayyace haka tun farko, babu mai jin an ci da guminta, babu kuma mai jin an kore ta.

Sai farashi. Ina zargin yadda kuka sa 2,500 shi ne kun leƙa kasuwar Sabon Gari kun ga kuɗin 'yar bebi ta roba da ake shigowa da ita daga Sin, kuka ce kada ku wuce ta da yawa. Wannan gasa ce da ba za ku ci ba, inji yana fitar da dubbai kafin ku gama guda. Ku bar masa kasuwarsa. Abin da kuke da shi wanda injin ba shi da shi, shi ne 'yar tsana mai kama da 'yar gidan: amarya da lalle da mayafi, 'yar Fulani da ƙwaryar nono a ka, 'yar Barebari da lafaya, uwa da goyo a baya. A Legas akwai Taofick Okoya, wanda ya fara 'yan tsanarsa masu suna Queens of Africa a 2007 bayan ya nemi baƙar 'yar tsana don ya yi kyauta ya rasa. Jikinsu roba ne daga Sin, sutura da kitso kawai ake yi musu a gida, kuma a cikinsu har da Bahaushiya mai suna Azeezah. Abin da ya sayar musu da kaya shi ne shigar, ba robar ba. Ku kuwa shigar a hannunku take, ba sai an kwatanta muku yadda ake ɗaurin ɗankwali ba.

Mu da muka tashi a nan mun san 'yar tsana ba baƙuwa ba ce. Ina tuna ƙannena mata da 'yan tsanarsu na kara da totuwar masara, ana naɗe su da tsumma, a yi musu biki sosai, da kai amarya da 'yan tukwanen wasa da shinkafar da aka roƙo a kicin. Uwar da ta yi wannan wasa tana yarinya, in ta ga taku mai kyau ba sai an yi mata dogon talla ba.

Don haka ku yi kashi biyu. Ƙarama marar ado sosai, wadda ba ta wuce awa ɗaya ba, don yaran unguwa da lokacin salla. Sai babba mai cikakkiyar shiga, ita kuma kada ku ji kunyar ɗora mata kuɗinta. Ku haɗa kayan haɗi da ladan aiki da hidima, sannan ku ɗora ribar da ba ta gaza kashi 25 cikin 100 ba. In kuma shago za ku kai a sayar muku, ku tuna mai shago ma da nasa kason, a lissafa shi tun kafin a faɗi farashi. Masu sayen babbar ba a bakin titi suke ba. Su ne masu biki da suna da suke neman kayan rabo na daban, da makarantun naziri, da masu shagunan kayan gargajiya a kasuwar Kurmi, da 'yan uwa mazauna ƙasashen waje masu son tsaraba ga 'ya'yansu. Bajekolin da KACCIMA, cibiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, take shiryawa a Kano wajen ƙarshen shekara wuri ne mai kyau na gwaji, kuna iya haɗa rumfa da wata ƙungiyar ku raba kuɗin. Duk mai odar da ta wuce guda 10 ta ba da rabi kafin alƙalami. Da wannan rabin za ku sayi kaya, kin ga mai saye ne ya ba ku jari, ba mai bashi ba.

Bashin 'yan uwa kuma, "ki ba ni biyu, zan aiko", ku sa masa doka a gaban kowa. Ina da yaƙinin in kika buɗe littafi, in akwai shi, za ki tarar da rabin abin da ya hana asusu motsi a nan yake kwance.

Lokacin aiki ma zai ragu in kun daina kowacce ta yi guda daga farko har ƙarshe. Ku yanka ma'auni a kwali mai ƙwari don girman ya zo ɗaya. Mai hannun almakashi ta yanka na wata guda a zama ɗaya, masu keke su ɗinke, wasu su cusa, gwanar kitso ta yi gashi. In awa 3 ta dawo 2, kun rage 400 a kan kowacce ba tare da kun taɓa ladan awa ba. Ƙyallen kyauta kuma kada ku dogara da shi har abada. Ranar da teloli suka ga abin yana kawo kuɗi za su sa masa farashi, kuma da gaskiyarsu. Gara tun yanzu ku yi magana da biyu ko uku, ku riƙa biyan wani abu kaɗan a kan buhu, su ware muku masu kyau.

Akwai maganar yi wa 'yar tsana fuska, wadda a garinmu ba a tsallake ta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da wannan wajen halatta su ga yara. Duk da haka akwai iyayen da ba za su shigar da mai ido da baki gidansu ba, kuma kin tuna a 2021 Hisba ta hana teloli da masu shaguna a Kano kafa mutum-mutumi mai kai. Hukunci na malamai ne, ku tambayi wanda kuka amince da shi. Ta fuskar ciniki dai, ku riƙa yin marar fuska. Ta fi saurin ɗinki, tana shiga gidan da ɗayar ba ta shiga, makarantun Islamiyya ma za su fi sakin jiki da ita. In za a yi ido, a yi shi da zare. Maɓalli da duwatsun ado suna cirewa, yaron da bai kai shekara 3 ba kuwa komai baki yake kaiwa. A wanke ƙyalle a shanya kafin a yanka, abin cusawa ya zama auduga mai tsabta ko audugar rimi, ba sharar ɗakin tela ba, kuma a ƙirga allurai kafin a tashi daga aiki. Yaro ɗaya ya ji ciwo, sunan ƙungiya ya tafi. Ranar da kuka fara tunanin kai kaya Turai ko Amurka, dokar ƙananan abubuwan da yaro zai iya haɗiyewa ita za a fara duba muku.

Da yake kun haura mutum 10, wanda shi ne mafi ƙarancin da dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta nema, kuna iya rajista a sashen ƙungiyoyin gama kai na jiha. Da takardar sai ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙa sa hannu, kuɗi ya bar ƙarƙashin katifarki. Wannan kariya ce gare ki kafin kowa, don mai riƙe kuɗin jama'a ba ta rasa zargi ko da waliyyiya ce. Da takardar kuma ake neman horo da tallafi a hukumomi irin SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i. In wata rana bashi ya zama dole, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da TAJ, waɗanda suke iya sayen kayan aiki su sayar muku da riba sananniya a biya a hankali. Amma ko su littafi za su fara tambaya.

Wata hanyar kuɗi tana gabanku ba ku ɗauka ba. Idan an yi dogon hutu, ku karɓi 'yan mata ku koya musu ɗinki da saƙar faifai a kan ɗan kuɗi kaɗan. Ba ya buƙatar shago, tsakar gidan nan ya isa, kuma a cikinsu za ku samu hannayen da za su taya ku idan oda ta yi yawa.

Asabar mai zuwa ki sayi littafi mai ƙwari na ƙungiya, ki ba wadda ta fi ku iya rubutu, ba ke ba. Ta rubuta abin da aka saya, da wadda ta yi me, da abin da aka sayar, da wanda ake bi. Ku yi wata 6 a haka da sabon farashi. In a ƙarshensu ribar da ta rage bayan an biya masu ɗinki ta kai ninki biyu na abin da za ku riƙa biyan mai bashi duk wata, kuma kuna mayar da oda don hannu bai isa ba, ki sake rubuto mini da alƙaluman, mu duba ko keke kuke buƙata ko ƙarin mata.