In sayi bas don kai mutane shan iska Jos, ko in dakata?

Wani ɗan kasuwa mai shagon atamfa da shadda a kasuwar Sabon Gari ta Zariya ya aiko da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Malam, bara da zafi ya matsa na kwashi iyalina muka je Jos wuni ɗaya, muka zauna bakin tafkin Rayfield. Da na sa hotunan a WhatsApp, mutum sama da 20 suka ce in za a koma a tafi da su. Ina da naira miliyan 7 a ajiye. Ina tunanin in taɓa jarin shago in cika, in sayi bas mai kujera 18, in riƙa kai mutane duk Asabar. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ka hango gaskiya ne. Duk wanda ya kwana a Tudun Wada ko cikin birni a watan Afrilu, babu wuta, ana fifita da kwali har asuba, ya san sanyi abin sayarwa ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, Zariya kuwa ba ta kai 700 ba, wannan tazarar ce ta sa kana fara hawa tudun za ka ji iska ta sauya. Amma shawarata ita ce kada ka sayi motar bana, kuma kada ka taɓa ko yadi ɗaya na jarin shago.

Fara ƙirga kwanakin kasuwar. Zafin da yake korar mutane daga gida daga Maris ne zuwa Mayu. Asabar 12 ko 13 ke nan. Da ruwa ya sauka, Zariya ta yi kore, babu mai biyan kuɗi ya tafi neman sanyi. Cikin waɗannan makonni ma sai ka cire na azumi duk shekarar da ya faɗo ciki, ka cire lokacin jarabawa, ka cire makon da albashi bai shigo ba. To sauran wata 9 fa? Dole motar ta shiga layi a tasha tana lodin fasinja, kai kuma ka koma mai jiran balas daga direba, yau a ce maka taya ta fashe, gobe a ce giyar motar ce ta lalace. Wannan wata sana'a ce daban, kuma ba ita ka tambaye ni ba.

Ka je tashar Kwangila ka nemi shugabannin ƙungiyar direbobi, su haɗa ka da direban da ya saba hanyar Pambeguwa zuwa Saminaka zuwa Jos, ka ɗauki shatarsa ta wuni guda. Ku yi magana a gaban shaidu: wa zai sha mai, wa zai biya in mota ta lalace a hanya, ƙarfe nawa zai zo. Ka duba takardun motar da inshorarta da idonka, ka zagaya ka ga tayoyi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashin shata ba ya zama wuri ɗaya, don haka kada ka sanar da kuɗin kujera sai kun gama ciniki da direba.

Ga yadda ake yanka farashin, nan ne kuma yawancin masu farawa suke faɗuwa. Haɗa komai: shata, mai, kuɗin shiga wurin, abinci, ruwa, ƙanƙara, ladan yaron da zai taimaka maka. A ce, misali kawai, duka sun tashi naira 360,000. Kada ka raba da 18. Kujera ɗaya taka ce, ɗaya ta yaronka, kuma ba kullum mota take cika ba. Raba da 12, ya zama naira 30,000 kowane mutum. In 12 suka zo, ka fita ba riba ba hasara. In 16 suka zo, ribarka 120,000. Ko duk Asabar 12 ɗin sun cika haka, abin da za ka tashi da shi bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ɗora wannan a kan kuɗin bas ka ga shekara nawa za ka yi kafin uwar kuɗi ta dawo.

Su kuma mutum 20 ɗin nan da suka yaba hotuna, yabo ba ciniki ba ne, kai da kake shago ka fi ni sani. Sau nawa mace ta sa ka sauke atamfa 10, ta ce duk sun yi kyau, ta tafi sai ta dawo? Ka sa ranar tafiya, ka ce wanda yake so ya turo rabin kuɗi kafin Laraba, ragowar kafin ya hau mota. In Laraba ta yi ba a kai 12 ba, ka mayar wa kowa kuɗinsa a ranar, ba tare da an bi ka ba. 'Yan'uwa da abokai za su ce a rubuta sai ƙarshen wata. Ka faɗa musu cikin mutunci cewa direba ba ya karɓar alkawari.

Akwai abin da ya fi damuna a kan kuɗin, shi ne lokaci. Zariya zuwa Jos tafiyar awa 4 ce ko fiye, gwargwadon halin hanya da shingaye. In kun tashi bayan sallar asuba, ƙarfe 6, sai wajen 10 da rabi ku isa. Dole ku kamo hanya da ƙarfe 2, don ban yarda ka bi wannan hanyar da 'ya'yan mutane bayan magariba ba. Ka ga kusan awa 9 a mota, awa 3 da rabi a bakin ruwa. Ga matasa wannan daɗi ne, don hirar mota ma rabin yawon ce. Ga mai jego ko tsohuwa wahala ce. Shi ya sa kasuwarka ta farko ɗalibai ne: na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, na kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, da masu yi wa ƙasa hidima. Ka nemi shugaban ƙungiyar ɗalibai guda, ka ba shi kujera kyauta in ya kawo maka 15. Magidanta kuma ka gwada musu wuri mafi kusa, kamar madatsar ruwa ta Tiga a jihar Kano, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974. Ba sanyin Jos ba ne, amma akwai ruwa shimfiɗe iya ganinka, ga iska.

Sai maganar ruwan kansa. Yawancin tafkunan da suke kewaye da Jos, har da na Rayfield, tsofaffin ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika. Samansu lumui, amma taku kaɗan daga gaɓa ƙasa take yankewa. Ka kafa doka tun a mota: babu wanka, babu mai shiga kwalekwale sai da rigar da take hana nutsewa, kowane yaro da babban da yake riƙe da shi. Ka rubuta sunan kowa da lambar wani nasa a gida, ka bar kwafi ɗaya a shago. Kafin kowace tafiya ka kira wani da ka sani a Jos da Saminaka ka ji lafiyar gari, in an ce da ƙura ka ɗage ko da za ka yi asarar kafin alkalami.

Abinci kuwa ka sauƙaƙa: dafa-duka a kula, zoɓo da ruwa cikin ƙanƙara. Kunun aya ka bar shi, ba ya jure zafin mota. A hanyar fitowa daga Jos ku tsaya minti 20 a kasuwar Farin Gada, fasinjojinka su sayi tsarabar dankalin Turawa da kabeji da karas, kai ma ka jefa buhu ɗaya ko biyu a but, za su rage maka kuɗin mai.

Yi tafiya 3 a haka, ka rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita a littafi daban da na shago. Miliyan 7 ɗinka ta zauna inda take. Bayan ta uku ka turo mini littafin, mu duba tare ko kasuwar ta kai a yi mata rajista a hukumar rajistar kamfanoni (CAC) kafin bazara mai zuwa.