Tsohuwar rezar GEM mai baki ɗaya

Malam, kana tambaya ko tsohuwar rezar GEM mai baki ɗaya da ka gani wurin 'yan gwanjo a Katsina ta cancanci saye. Saya, amma fa sai ka tabbatar za ka samu bakinta. Reza mai baki biyu da ke kowane kanti ba ta shiga cikinta. Bakin GEM mai kauri ne, da ƙarfe a bayansa, irin wanda rezar Ever-Ready ke ɗauka. Rezar Schick Injector kuwa nata daban ne, kada mai kaya ya ce maka duk ɗaya ne.

Kada ka kuskura ka sa bakin da masu fenti ke kankare gilashi da shi. Yana shiga daram, amma da na gwada sai da haɓata ta kwana uku tana raɗaɗi, ga hunturu. Nemi na aski, irin na kamfanin Personna. Jiƙa gemu da ruwan ɗumi da sabulu sosai, ka kwantar da kan rezar kusan manne da kumatu, ban da dannawa. Duba kuma 'yan ƙugiyoyi biyun da ke tare bakin a gaba, in ɗaya ya lanƙwashe, bar musu kayansu.