Tambaya da Amsa: Janareta na cinye ribar shagona

TAMBAYA: Malam, ina da shagon aski a Agege. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, janareta ke cinye mini riba. Ina zan nemi taimako?

AMSA: Ɗan'uwa, fara da yin katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna jihar Legas, domin da wuya ka samu tallafin gwamnatin Legas ba tare da shi ba. Daga nan ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku ka tambayi shirin tallafa wa masu sana'a, ka kuma nemi bashin LSETF, asusun samar da aikin yi na jihar Legas da aka kafa a 2016. Shiga ƙungiyar masu aski, domin ta hannun ƙungiyoyi labari ke fara isowa.

Batun janareta kuwa, sa makanike ya sauya masa kafireta mai cin fetur da gas, ka haɗa da tukunyar gas mai kilo 12.5. Bayan haɗawa, shafa ruwan sabulu a bakin tiyo. In ya yi kumfa, gas na yoyo, rufe tukunyar nan take. Nisanta ta da janaretan. Don Allah kada ka kunna shi cikin shago, hayaƙinsa na kisa.