Tambaya da Amsa: Da gaske akwai roba a cikin kifin tafkin Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da abinci ce a Agege, Legas. Kifin da nake miya da shi daga Makoko da Epe ake kawo mana, ɗanye da banda, ga kuma busasshen jatan lande da nake dakawa. Ɗana da ke jami'a ya zo hutu ya ce mini wai kifin nan cike yake da ƙananan robobi da ido ba ya gani, har gishiri ma bai tsira ba. Ni kuwa kullum ina fasa kifi, ban taɓa ganin leda a cikinsa ba. Don Allah gaskiya ne? In gaskiya ne, wanki ko dafuwa na fitar da su, ko kuwa mu haƙura da kifin gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Maganar ɗanki gaskiya ce, sai dai kada ki daina cin kifi, kada kuma ki daina ba yara. Bari in bi miki maganar daki-daki, domin tsoro ba tare da sani ba yakan sa mutum ya bar abin da ke amfanarsa ya riƙe wanda ya fi cutar da shi.

Abin da ɗanki yake nufi shi ne ɓarɓashin roba, wato duk guntun robar da bai kai milimita 5 ba, rabin santimita ke nan a rular 'yan makaranta. Wannan shi ne mafi girmansu. Yawancin waɗanda ake samu a cikin kifi sun fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma da yawansu siraran zaruruwa ne, shuɗi ko baƙi ko marasa launi, da ke cakuɗe da abincin da ke hanjin kifin. Sai an narkar da kayan cikin a ɗakin gwaji, an tace, an duba da madubin ƙara girman abu, sannan a gan su. Don haka ko shekara hamsin kika yi kina fasa kifi ba za ki gani da idonki ba. Tun 2004 wani masanin halittun teku, Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa irin wannan ɓarɓashi ya bazu a yashin gaɓa da ruwan teku. Daga baya masu bincike na jami'o'in Najeriya sun auna tafkin Legas, sun same shi a saman ruwa, a taɓon ƙasa, da cikin kifaye.

Daga ina yake fitowa? Roba ba ta ruɓewa yadda ganye ko takarda ke ruɓewa su koma ƙasa. Tsufa take yi. Hasken rana yana cin ƙarfinta har ta bushe ta yi gautsi, sai ta tsage, tsagin ya sake tsagewa, haka nan har ya wuce ganin ido, amma yana nan a robarsa. Ledar fiya wata, baƙar ledar cefane, farar robar zuba abinci, murfin gorar lemo, tsohon buhun shinkafa, silifas, har da komar masunta da igiyoyinsu na nailan, duk ƙarshensu ke nan. Akwai kuma hanyoyi biyu da mutane ba su cika lura da su ba. Tayar mota tana sudewa a kan kwalta, ƙurar da ta zuba ruwan sama ya wanke ta zuwa kwata. Ki tuna yawan motocin da ke bin gadar Third Mainland kullum, ga ta shimfiɗe a kan tafkin kai tsaye. Sannan tufafin roba, irin rigunan ƙwallo da barguna da yawancin kayan gwanjo, duk wanki sai sun saki zare. Wani gwaji da aka yi a Plymouth a 2016 ya nuna wanki ɗaya na kaya kilo 6 a inji zai iya sakin zare fiye da 700,000. A Akara ta Ghana ana ganin wannan ƙiri-ƙiri: gwanjon da bai sayu ba a kasuwar Kantamanto yana bin kogin Odaw ya faɗa tafkin Korle, daga nan teku ta dawo da shi gaɓar Jamestown a dunƙule, ya nutse a yashi yana marmashewa.

Abin da ya sa tafkin Legas ya fi buɗaɗɗiyar teku shan wahala shi ne yanayin halittarsa. Ruwa ne marar zurfi sosai, mai tafiyar hawainiya, kewaye da birnin da ke da mutum fiye da miliyan 15. Kogin Ogun yana zuba a cikinsa, manyan magudanan gari ma nan suke juye abin da suka kwaso, musamman a tsakiyar damina, watannin Yuni da Yuli. Mafitarsa zuwa teku kuwa ƙofa ce guda, ta wajen tashar jiragen ruwa ta Apapa, kuma in teku ta cika sai ta turo ruwa ciki ta wannan ƙofar. Abin da ya shiga yakan daɗe yana kai da komo. Robar leda da ta murfin gora ba su da nauyi, suna yawo a sama. Robar jikin gorar ruwa da ta bututun famfo sun fi ruwa nauyi, suna nutsewa. Mai yawo a saman ma, in gansakuka da ƙananan halittu suka lulluɓe ta, sai ta yi nauyi ta sauka ƙasa. Wannan lulluɓin ne kuma ke sa ta yi warin abinci, kifi ya haɗiye. Tarwaɗa da ƙaguwa da jatan lande masu kiwo a taɓo suna samun rabonsu a ƙasa, kifaye masu tace abinci daga ruwa a sama suna samun nasu.

Bakin teku kuwa, irin su Tarkwa Bay da gaɓar Lekki, nan ne roba ta fi saurin farfashewa, domin ga rana, ga yashi mai zafi, ga igiyar ruwa tana gurza ta dare da rana. Wannan ne ya sa nake ganin masu fita sharar bakin teku ba aikin banza suke yi ba, ko da gobe wata sharar za ta sake zuwa. Gora ɗaya da aka ɗauke yau, hannu ɗaya ya ishe ta. In aka bar ta ta farfashe, babu injin da zai tattara ta. Mutanen Siri Lanka sun ɗanɗani wannan a watan Mayun 2021, lokacin da jirgin dakon kaya X-Press Pearl ya kama da wuta a kusa da Kolombo, ɗauke da kimanin tan 1,680 na ƙwayoyin ɗanyar roba da masana'antu ke narkawa. Ƙwayoyin suka rufe gaɓar Negombo, aka hana kamun kifi a yankin, sojoji da 'yan sa-kai suka yi ta tankaɗe yashi. Ki ƙaddara an zazzage buhunan dawa a cikin rairayi an ce a tsince ƙwaya ƙwaya.

Kada 'yan'uwanmu na gida su ɗauka wannan matsalar mutanen kudu ce kaɗai. Ledar da ta faɗa kogin Kaduna ko gulbin Rima, ko kogin Neja a Yamai da Gaya da Yawuri, hanyar teku ta kama, ko da madatsun ruwa irin Kainji da Jebba sun tare wani kaso. Ta Kano kuwa, da ke bin Challawa da kogin Haɗeja, gabas take nufa wajen fadamun Nguru da Tafkin Chadi, inda mu ma muke samun banda.

Yanzu ga abin da ya fi damun ki, wato lafiyar masu ci. A jikin halittun ruwa illar ta bayyana. Ƙaramin kifi ko jatan lande da ya cika cikinsa da abin da ba ya narkewa yana rage cin abinci, girmansa ya ragu, hayayyafarsa ta yi rauni. Kunkurun teku da tsuntsaye suna mutuwa da hanji a toshe. A jikin ɗan Adam, ga abin da ke hannu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba batun a ruwan sha, ta ce ƙwayoyin robar da suka fi mikromita 150 girma, wato wajen kashi ɗaya cikin bakwai na milimita, da wuya jiki ya tsotse su, wucewa suke yi su fita a bayan gida, ta kuma nemi a zurfafa bincike kan mafi ƙanƙanta. A 2022 masana a Amsterdam sun gwada jinin mutum 22, suka sami alamar roba a jinin 17. A 2024 likitoci a Italiya suka bibiyi marasa lafiya 257 da aka yi wa tiyatar cire kitsen da ya toshe jijiyar wuya. Fiye da rabinsu an sami roba a cikin kitsen, kuma cikin kusan shekara 3 waɗannan sun fi sauran gamuwa da bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa, wajen ninki huɗu da rabi. Wannan sakamako ya tayar da hankalin likitoci, kuma ya cancanci haka. Amma alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa robar ce ta jawo ciwon ba, bai kuma ce daga kifi ta shigo ba. Mutum yana shaƙar zaren roba a ƙurar ɗakinsa, yana sha a ruwan gora da na leda, yana ci a abincin da aka zuba da zafinsa a roba. Kifi ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi da yawa, kuma amfaninsa ga ƙwaƙwalwar yaro da jinin mai ciki abu ne tabbatacce. Uwar da ta janye kifi daga tukunya saboda wannan labari, alhali nama ya fi ƙarfin aljihunta, ta yi asarar da ta fi abin da ta guje wa.

Dafuwa ba ta kashe roba, domin ba ƙwayar cuta ba ce. Suya da banda ma haka. Abin da ke aiki shi ne wanda kika riga kika saba: mafi yawan ɓarɓashin a hanji da tumbi yake, sai jan abin nan na ƙarƙashin kunnen kifi da yake numfashi da shi. Ki cire su duka tun kifin yana ɗanye, ki wanke cikin da ruwa mai tsabta, kin rage kaso mafi tsoka. Bandar da aka ƙyafe da kayan cikinta, ki jiƙa ta a ruwan ɗumi ki buɗe ki yashe cikin kafin ta shiga miya. Inda hannu ba ya kaiwa shi ne abin da ake ci ɗungurungum, wato jatan lande da ƙananan kifaye da dodon koɗin ruwa. Su ki bushe ƙurarsu, ki ɗauraye, ki shanya kafin daka, kuma da yake ɗanɗano ake nema da su ba ƙoshi ba, abin da ke shiga kwanon mutum ɗaya kaɗan ne. Gishiri ma ɗanki ya yi daidai: wani bincike na 2018 ya gwada nau'in gishiri 39 daga ƙasashe 21, ya sami ɓarɓashin a 36, kuma gishirin teku ya fi na dutse yawansa. Sai dai mutum ba ya cin gishiri da cokalin miya, kuma hawan jini ya isa dalilin rage shi tun kafin a zo maganar roba. Ki ci gaba da amfani da mai sinadarin aidin, kada wani ya ruɗe ki ki bar shi.

In da zan zaɓa miki inda za ki sa ƙarfinki, cikin rumfarki zan nuna miki, ba tafki ba. Zafi yana sa roba ta saki ɓarɓashi da sinadaran da aka haɗa ta da su. Alalar da ake dafawa a leda, tuwon da ake naɗewa da tururinsa, miya mai mai da ake zubawa tana tafasa a robar tafi-da-gidanka, koko a leda da safe, ruwan gora da ya wuni a rana, waɗannan suna hannunki. Ganye da gwangwani da kwanon silba suna nan. Hura gawayi da leda kuma a bar shi, musamman wajen ƙyafe kifi, domin hayaƙin roba guba ne da ba a jayayya a kansa, kuma kan abincin yake sauka.

Ta fuskar hukuma, a watan Janairun 2024 gwamnatin jihar Legas ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso, wadda ita ce ta fi saurin marmashewa da toshe kwata, daga baya ta faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Na san ya ƙara wa masu abinci irinku kuɗin mazubi, kuma kukan da kuka yi ba na banza ba ne, amma ina goyon bayan matakin. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kasuwanninsu kuma ba su mutu ba. A matakin duniya tafiyar ta fi nauyi. Robar da ake ƙerawa ta tashi daga kimanin tan miliyan 2 a 1950 zuwa sama da tan miliyan 400 a shekara, abin da ake sake sarrafawa kuwa bai wuce kashi 9 cikin 100 ba. A Nairobi a 2022 ƙasashe 175 suka amince a tsara yarjejeniyar magance gurɓatar roba, amma zaman Busan ta Koriya ta Kudu a 2024 da na Janeba a 2025 duk an tashi ba a daidaita ba, musamman kan batun rage yawan wadda ake ƙerawa.

Kafin su daidaita, akwai 'yan bola jari da ke zagaya unguwarku, da yawansu yaranmu ne. Su ne suke tsame gora daga hanyar kwata kafin ruwan sama ya kai ta tafki, kuma sun fi cancantar a gode musu a kan a kore su. Gorar ruwa da ta lemo suna da kasuwa, ki ware musu su a buhu daban, kada su haɗu da ragowar miya. Ledar fiya wata ce ba su cika ɗauka ɗaiɗai ba saboda ba ta da nauyi a sikeli, amma masu sarrafa ta suna saye da kilo. In ku masu abinci na layinku kuka ajiye babban buhu guda kowa yana zuba tasa a bushe, mai ɗauka zai samu, kuɗin kuma ko na sabulun wanke-wanke ne ya shiga asusun ƙungiyarku.