Ko awon ƙashi zai iya nuna dangin dabba?

Tambaya: Malam, ɗaliba ce ni a fannin nazarin halittu. Na ji ana auna ƙoƙon kan dabbobi don a gano wace ce 'yar uwar wace. Tunda akwai gwajin DNA, wato ƙwayoyin gado, mene ne amfanin wannan wahala?

Amsa: 'Yata, wahala ce kam, na sha ta. Lokacin ɗalibtata na shafe makonni ina ɗiga alamu a hotunan ƙoƙon kan jemagu har idona ya soma ganin biyu-biyu. Amma ba a banza ake yi ba. DNA ba ya daɗewa. Mafi tsufa da aka samu, a tsibirin Girinlan mai ƙanƙara, shekarunsa kusan miliyan 2 ne, alhali manyan dabbobin dinoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Dabbar da ƙashinta ya riga ya zama dutse, siffarta kaɗai ta bar mana.

Ga yadda ake yi. Ana zaɓar wuraren da kowane ƙoƙon kai ke da su, kamar gefen kwarmin ido, tushen fiƙa da mahaɗar muƙamuƙi, a sa musu ɗigo. Kwamfuta ta daidaita girmansu, ta jujjuya su har su hau kan juna. Bambancin da ya rage shi ne siffa zalla, shi ake mayarwa lambobi a zana bishiyar dangantaka. Tunanin ya daɗe: tun 1917 masanin halittu D'Arcy Thompson yake zana kifi a kan layukan raga, ya lanƙwasa ragar ya fito da siffar wani kifin.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Dubi kyarkecin tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya, wanda na ƙarshensa da aka sani ya mutu a gidan namun daji na Hobat, babban birnin tsibirin, a 1936. Ki ajiye ƙoƙon kansa kusa da na kare, da kyar za ki bambanta su, kuma awo zai ce 'yan gida ɗaya ne. Nan kuwa dabba ce mai goyon ɗanta a jakar ciki, ya fi kusa da kangaru nesa ba kusa ba. Farauta da cin nama ne suka ƙera musu kai iri ɗaya. Ƙirga haƙora ke tona asirin: nasa 46, na kare 42.

Akwai wani tarkon da ya fi damuna. Ɗigo talatin ba shaidu talatin ba ne. In hanci ya ƙara tsawo, duk ɗigon da ke kansa tare za su matsa, sai kwamfuta ta ɗauka magana ta yi ƙarfi, alhali shaida ɗaya ce ake ta maimaitawa.

Ni dai na fi yarda da awo in an haɗa shi da DNA. An daɗe ana jingina dorina da alade, sai DNA ya nuna ta fi kusa da wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku. Masana ƙashi da yawa suka ƙi yarda. A 2001 aka bayyana ƙasusuwan tsofaffin wel masu ƙafafu da aka tono a Pakistan, ƙashin idon sawunsu da kwari sama da ƙasa, irin wanda ake samu a dangin akuya, raƙumi, alade da dorina kaɗai, wato wel ma 'yar wannan dangin ce, kamar yadda DNA ya nuna.