Miyar da ta dace da gasasshen haƙarƙarin rago

'Yar'uwa, kin tambaya wace miya za ki haɗa wa gasasshen haƙarƙarin rago don kada ya bushe a baki. Ki yi masa miyar albasa. Ki ɗora mai cokali biyu a kasko, ki yanka albasa manya guda biyu sirara, ki rage wuta ki bar su har su yi laushi su yi ja. Sai ki zuba jajjagen attaruhu da tafarnuwa da citta, ɗan daddawa, da ludayi ɗaya na ruwan tafasasshen nama. In ta yi kauri ki ɗiga jiƙon tsamiya kaɗan.

Tsamiyar nan ce ke kashe maiƙon rago, in babu ita loma uku ya gundure ki. Amma fa kada ki shafa miyar naman yana kan gawayi, albasa saurin ƙonewa gare ta. Na taɓa yin haka da Babbar Sallah, ya fito baƙi ƙirin, yara suka ƙi taɓawa. Ki sauke shi ya huta kamar minti biyar, sannan ki zuba miyar da zafinta a ci nan take, don kitsen rago da ya huce sai ya daskare.