Ubanta ya kai ta aikatau Abuja, ina da ta cewa?

Tambaya: Barista, barka da aiki. A Azare nake zaune. Yayata ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar 'ya ɗaya, yanzu shekarunta goma. Bayan ƙaramar sallah ubanta ya cire ta daga aji huɗu, ya miƙa ta ga wata mata mai kai yara aikatau Abuja, ana turo masa kuɗi duk wata. Makon jiya yarinyar ta ari wayar maigadi ta kira ni tana kuka, ta ce uwar ɗakinta ta ɗana mata dutsen guga a hannu. Na yi wa uban magana, ya ce 'yarsa ce, ba ruwana. Mahaifiyarmu tana raye. Ina da ta cewa?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan yayarki. Kina da ta cewa, kuma ba ƙarama ba. Amma kada ki haɗa magana biyu wuri ɗaya: fitar da yarinyar daga gidan nan daban, wanda zai riƙe ta bayan ta dawo daban. Ta farkon ba ta jiran zaman dangi.

Abin da aka yi mata laifi ne tun kafin a zo kan ƙuna. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta ce a sashe na 23 duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya yi safararsa, ko ya karɓe shi, ko ya ba da hayarsa, zai sha ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Dokar tarayya ce, tana aiki a Azare kamar yadda take aiki a Abuja, don haka uwar ɗakin da dillaliyar duk sun shiga ciki. Ga kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda sashenta na 28 ya hana sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa. Ita wannan sai kowace jiha ta yi tata, shi ya sa Bauchi ba ta samu dokar kare yara ba sai a 2023, amma a Abuja tana aiki kai tsaye tun farko. Ƙunar kuwa laifi ne mai zaman kansa a dokar VAPP ta 2015 mai hana cin zarafi, kuma a Abuja NAPTIP ɗin ce aka ɗora wa kula da ita.

Saboda haka ƙofar da za ki fara ƙwanƙwasawa ita ce NAPTIP. In tafiya Abuja za ta yi miki wuya, ki je ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumar Katagum a nan Azare, ko ma'aikatar mata da yara a Bauchi, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ki nemi su tura ƙorafin. A takarda dai an tsara waɗannan hukumomi su riƙa miƙa wa juna hannu, ta tarayya ta ɗauko yaro, ta jiha ta mayar da shi ga danginsa. A aikace, fayil yakan kwana wata guda a kan tebur in ba mai bibiya. Don haka ki rubuta ƙorafinki kwafi biyu, a buga miki hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, ki adana shi. Wannan 'yar takardar ita ke sa ma'aikaci ya tuna da ke.

Ki ajiye lambar maigadin, amma kada ki yi ta kiransa. Da zarar masu gida sun ji ƙishin-ƙishin, za su kore shi ko su sauya wa yarinyar gida, kin ga an koma gidan jiya. Kada ki ɗauki samarin gida ku je ƙwato ta da ƙarfi, za a iya juya maganar a ce ku ne kuka shiga gidan mutane. Hotonta ma kada ki saka a Facebook. Abin da za ki nema yanzu shi ne shaidar shekarunta, domin abu na farko da uwar ɗakin za ta ce shi ne "ai ta kai sha huɗu, ƙaramin jiki gare ta." Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ta fi, in babu, katin rigakafi ko rajistar makarantarsu. Ranar da aka ɗauko ta kuma a wuce asibitin gwamnati, likita ya rubuta rahoto kafin tabon ya dushe.

Akwai abin da ba zan ɓoye miki ba. Kalmar "ba da haya" a sashe na 23 tana iya hawa kan uban, tunda yana karɓar kuɗi. Da ƙorafi ya shiga, ba ke ce mai cewa a kama wane a bar wane ba. Kina iya bayyana wa jami'ai cewa yarinyar kike so ta dawo, ba ɗaurin ubanta ba, amma hukuncin ba a hannunki yake ba. Gara ki sanar da mahaifiyarku da dattawan gida tun yanzu, kada gobe a ce kin kai suruki gaban hukuma a ɓoye.

Sai maganar riƙo. "'Yata ce" da yake faɗa gaskiya ce, shi ne waliyyinta, kuma ci da sha da sutura suna wuyansa. Amma a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, haƙƙin reno, wato hadana, in uwa ta rasu yana komawa ga kakar yarinya ta wajen uwa, sannan inna, wato 'yar'uwar uwa kamar ke, kafin a zo kan uba, kuma ga 'ya mace yana nan har ta tare a gidan miji. Shi ya sa na ji daɗi da kika ce mahaifiyarku tana raye. Ita ya kamata ta shigar da ƙara a kotun shari'a, ke ki tsaya mata. Dalili kuwa, in kina da aure, lauyan uban zai ce mijinki ba muharramin yarinyar ba ne, kuma wannan yana iya kayar da haƙƙinki. A ƙarar a nemi riƙo, a nemi alƙali ya yanka wa uban kuɗin ciyarwa na wata-wata.

In kuɗin lauya ne matsala, Legal Aid Council da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna da ofis a Bauchi, suna tsaya wa marasa ƙarfi. Makaranta kuma ki je wurin hedimasta tun kafin ta iso, a riƙe mata gurbinta a aji huɗu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta karatu kyauta daga firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, kuma takardar da hedimastan zai ba ki cewa an cire ta ana tsakiyar zango za ta yi wa mahaifiyarku amfani a gaban alƙali.